Sai Bayan Arba'in

Ƙarfi,
5 ga Satumba, 1982

Zuwa ga taubashiyata kuma baiwata, Ladidi,

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan ranar Maiduguri ba ta ƙarasa ƙone ki ba, don dama can ba wani haske gare ki ba. Yaya karatun jinya? Mu nan sai godiya. Damina ta yi kyau bana, masara ta yi goyo, audugar maigidana Mati ta fara fure. Na ga Gwaggo, mahaifiyarki, a Malumfashi, ƙafarta da sauƙi. Ta ce in gaya miki tun da kika tafi takarda ɗaya kika aiko mata, ita ma rabinta roƙon daddawa ne.

To, ajiye dariya, magana ce da ni. Ina da ciki wata huɗu. Ban gaya wa mutane ba, kin san biyu sun zube mini a baya. Amma ba shi ya sa na ɗauki biro ba. Tun farkon damina nake jin wani ƙullutu a nonona na hagu, mai tauri kamar ƙwallon goruba, ba ya ciwo, ba ya motsi. Na nuna wa Inna Hajo, uwar Mati, ta ce nono ne ke taruwa, in daina taɓa shi.

Kin tuna Silifat, Bayarabiyar nan mai sayar da atamfa a kasuwar Malumfashi, wadda muke ce wa Maman Taju? Na je sayen rigar nono wurinta, ta shigar da ni bayan labule in gwada. Tana gani fuskarta ta sake. Ta ce yayarta ta yi irinsa. Ba ta bar ni na koma gida ba, ta rufe rumfa ta tasa ni gaba sai asibiti. Daga nan aka tura mu Zariya ni da Mati, likitoci suka yanki 'yar tsoka kaɗan suka auna. Makon jiya muka koma jin sakamako.

Ladidi, ciwon daji ne.

Likitan ya zaunar da mu, ya ce hanya uku ce. Ko a cire nonon gaba ɗaya yanzu a bar cikin, in na haihu a ci gaba da sauran magani, domin gashin na'ura da allurai masu ƙarfi ba a yi wa mai ciki irina. Ko a zubar da cikin a yi komai a haɗe. Ko kuma a jira sai na haihu, amma ya ce wannan ita ce ba ya so, don abin ci yake kullum. Ta biyun ban ma bari ya ƙarasa faɗa ba. Ni raina ya fi kwanciya da ta farkon, ko da yake ina tsoron wuƙa.

Aka miƙo wa Mati takarda ya sa hannu. Sai ya hau susar ƙeya, wai wansa Yaya Maitama ya tafi aikin hajji, shi kuma ba ya yanke babbar magana a bayan idonsa. Mutumin da ko tunkiya ba ya sayarwa sai ya tambayi Yaya! Haka muka dawo gida ba a sa hannu ba. Nonona ne, a ƙirjina yake, amma sai an jira jirgin Jidda ya sauka.

Ke ce a cikin asibiti. Ki faɗa mini gaskiya, wace zan ɗauka? Ki aiko da amsa ta akwatin gidan waya na Yaya Maitama, shi kaɗai gare mu.

Ni ce uwargijiyarki,
Kulu


Maiduguri,
21 ga Satumba, 1982

Zuwa ga uwargijiyar ƙarya, Kulu,

Na samu takardarki, na ji lafiyar gida da ta gona, Allah ya sa a girbe lafiya. Ni ma ina nan ƙalau, sai dai tuwon makaranta ya kusa mai da ni sanda. Ki gai da innata, Gwaggonki, ki ce mata daddawar har yau ina jira.

Wai nono za a yanke miki? Haba! Ai ko ni da nake cikin asibiti kullum ba zan sa hannu a taɓa shi da wuƙa ba. Duk dukiyarki ke nan a duniya. In aka cire, da me za ki riƙa yi mana yanga a gidan biki? A bar miki kayanki.

Na san kin yi dariya, shi ya sa na fara da haka, don ni da na karanta takardarki kuka na yi har abokan ɗakina suka taru. Yanzu ki saurare ni da kyau, babu wasa a cikin abin da ya biyo baya.

Ki ɗauki ta farko. A cire shi yanzu, yanzun nan, kada a jira kowa. Na kai maganarki wurin sistar da ke koya mana, ban faɗi sunanki ba. Ta ce watannin da kike ciki su ne mafi dacewa a yi aikin, kuma da yardar Allah abin da ke cikinki ba zai san an yi ba. Na ga matan da aka yi wa da wuri, suna zuwa ganin likita da ƙafarsu, da goyonsu a baya. Na kuma ga waɗanda aka kawo a makare. Ba zan ba ki labarinsu ba, ni nake wanke su.

Nono ɗaya ya isa ya shayar da yaro. Kada ki yarda kowa ya shafa miki komai a wurin, ko ya tsaga, ko ya turara. Shi kuma Mati, ki tuna masa shi ya aure ki, ba wansa ba. Wallahi abin nasa ya ba ni takaici. Namiji da gemunsa, a ce matarsa na cikin wannan hali, shi yana ƙirga ranar dawowar alhazai.

Da kin fito daga asibiti ki sa a rubuto mini, ko layi biyu ne.

Taki har kullum,
Ladidi


Ƙarfi,
14 ga Nuwamba, 1982

Zuwa ga Ladidi,

Ina gaisuwa, da fatan kina lafiya. An cire masara, an fara tsinkar auduga. Ciki yana motsi sosai. Ni kuwa ga ni nan dai.

Na daɗe ban rubuto ba saboda ban san abin da zan ce miki ba. Yaya Maitama ya dawo da haƙorin Makka a baki, ya tarar da takardarki a akwatinsa, sunana ne a kai amma ya buɗe. Ya tara maza a zaurensa, da kawunnansu, da liman, da Mati, har da Babana. Zaure cike da maza suna cin dabino suna maganar nonona, ni ina cikin gida ina tankaɗe, ba wanda ya ce a kira ni. Daga baya Mati ya shigo ya ce an karanta takardarki a gaban kowa, kin ce ko ke da kike cikin asibiti ba za ki sa hannu a taɓa ni da wuƙa ba, a bar mini kayana.

Na ce ko wasa kike yi. Ya ce wa zai yi wasa da magana irin wannan, kuma Yaya da kansa ya karanta, da tabarau. Na ce a ba ni takardar in gani. Ya ce tana aljihun Yaya. Babana kuwa cewa ya yi magana ta gidan miji ce, shi ba ya shiga. A nan suka yanke cewa sai na haihu, suka shafa fatiha.

Ladidi, in haka kika gani, da ni kaɗai kika faɗa wa, da dalilinki. Ke nake jira in dogara da ke in yi musu taurin kai. Da na ji ke ma kina bayansu sai na ce to wataƙila ni ce ban san komai ba.

Yanzu ga inda muke. An ɗauko wani mai magani daga wajen Musawa, Mudi sunansa. Ya ce daji ba ya son ƙarfe, ɗan yankan da aka yi mini a Zariya ne ya fusata shi. Yana dama wani baƙin abu a sakaina, Inna Hajo ta shafe mini safe da yamma. Warinsa kamar na majema. In na zo cin abinci sai na toshe hanci, zanena duk ya ɓaci, ƙudaje suna bi na har bayan ɗaki. Fatar wurin ta yi kauri ta yi ramuka-ramuka, kan nonon ya shige ciki. Mudi ya ce alama ce magani na kama shi.

Abin da ya fi ƙona mini rai matan gari. Kowace ta shigo da sunan dubiya, ba ta gama zama ba sai ta ce, "Buɗe mu gani." Su leƙa, su taɓe baki, su fita suna ba juna labari tun daga soro. Jiya wata ta zo da baƙuwarta daga Bakori don ita ma ta gani. Na ce musu in kallo suke so akwai silima a Funtuwa. Inna ta ce ciki ne ya sa ni rashin kunya.

Maman Taju ta zo ta gan ni ta yi ta faɗa da Yarabanci, ta ce in kin ga dama ki riƙa aiko da takarda ta hannunta. Ga adireshinta a baya.

Kulu


Maiduguri,
2 ga Disamba, 1982

Kulu 'yar'uwata,

Ina gaishe ki, ina gai da jiki. Lafiyata ƙalau amma tun da na karanta takardarki ban iya cin abinci ba don fushi.

Ƙarya ne! Wallahi tallahi ƙarya ne. Wasa na yi miki a layi huɗu na farko bayan gaisuwa, irin wanda muka saba tun muna tallar gyaɗa. Nan da nan a ƙasansa na rubuta cewa wasa ne, na ce ki yarda a cire shi ba tare da jiran kowa ba. Shafi guda cur na cika ina roƙonki. Duk wanda ya karanta farkon ya ga sauran, a takarda ɗaya suke. Alhaji Maitama bai san mu taubasai ba ne? Ba shi ne ya yi ta dariya ranar bikinki ba, da na tare ƙofa na ce ba za a fita da baiwata ba sai an fanshe ta? Ya san wasa sarai. Inda ya yi masa daɗi ya karanta, ya naɗe sauran ya sa a aljihu. Mutum ya dawo daga ɗakin Allah da zafinsa, abin da zai fara yi ke nan. Tir.

Su kuma sauran da ke zaune, har da Kawu, babanki, babu ko ɗaya da ya ce, "Alhaji, ci gaba, mu ji ƙarshenta"? Dama abin da suke son ji ke nan, suka samu sunana suka fake da shi.

Ki wanke wannan ƙazantar daga jikinki yau. Ki kira Mati ɗaki ki karanta masa wannan da bakinki: Mati, ni Ladidi na ce ka kai matarka Zariya a wannan makon, ka sa hannu. Cikin wata bakwai bai hana a yi aiki ba. In ka jira, ba ɗanka kake tsarewa ba, uwarsa kake bayarwa.

Na nemi izinin zuwa gida an hana ni, jarrabawar ƙarshen shekara na gabanmu, wanda ya fita ya fita ke nan. Na tsaya a gaban shugabarmu kamar in fasa ihu. Ki ba ni amsa da wuri, Kulu, shirunki yana kashe ni.

Ladidi


Ƙarfi,
6 ga Maris, 1983

Zuwa ga Ladidi, baiwata ta gaskiya,

Gaisuwa da ban haƙuri. Na sauka lafiya, namiji ne, an sa masa Ummaru. Yana da ƙoshi, hancinki ya ɗauko, Allah ya ba shi haƙurin zama da shi.

Ki yafe mini zargin da na yi miki. Takardarki ba ta iso hannuna ba sai tsakiyar Janairu, don Maman Taju ta tafi garinsu jana'izar uwarta, takardar tana kwance a rumfarta. Ranar da ta dawo ta hau mota ta kawo mini da kanta. Na karanta wa Mati kamar yadda kika ce. Hawaye suka zubo masa. Ya tashi ya tafi wurin Yaya, ni har na fara haɗa kaya. Ya dawo ya tsaya a bakin ƙofa, ya ce Yaya ya ce wasa ko ba wasa ba, an riga an shafa fatiha a kan magana, kuma saura ƙiris in haihu. Na ce masa, "Kai fa, me ka ce?" Ya ce, "To, Kulu, ya zan yi?" Na dube shi na ji kamar ban taɓa saninsa ba.

Na haihu, na ce to a tafi. Aka ce sai an yi suna, ba a fita da jariri ba suna. Aka yi suna, aka ci rago, maroƙa suka wasa Yaya har ya yi kyautar riga. Washegari na ce a tafi. Sai Inna Hajo ta dafe ƙirji, wai a ina aka taɓa jin mai jego ta bar wanka? In sanyi ya shige ni wa zai fitar? Kuma in aka yanka ni, ruwan zafi ba zai taɓa wurin ɗinkin ba, wankan ya lalace ke nan. Sai bayan arba'in.

Bari in gaya miki yadda wankan yake, ke da kika ce kina wanke irinmu. Wurin ya fashe tun kafin in haihu. Safe da yamma ana tafasa ruwa a babbar tukunya, Inna ta tsoma ganyen darbejiya ta fyaɗa mini a jiki, ba ta tsallake ciwon, wai nan ne ya fi bukata. Ina cizon zane don kada maƙwabta su ji. In an gama ruwan da ke gangarawa a rariya ba ya kallo. Sannan a dama mini kunun kanwa a ce in shanye, wari na tasowa daga ƙirjina yana haɗuwa da tururin kunun. Ni kaina ƙyamar kaina nake yi. Mati ya daina shigowa ɗakin, daga waje yake tambayar ya jiki.

Ummaru na dama kaɗai yake sha, ina rufe na hagun da tsumma don kada fuskarsa ta taɓa. Wasu ƙulluta sun fito mini a hammata, hannun ya kumbura har awarwaro ba ya shiga. Bayana yana ciwo, sun ce na haihuwa ne.

Arba'in ta kusa. Na ji Inna ta fara cewa wa zai shayar da yaro in aka kwantar da ni, ko a bari sai an yaye shi. Na ce mata in ta sake faɗa zan fita tsirara in tsaya a bakin hanya kowa ya gani, tunda gani suke so. Ba ta sake ba.

Taki,
Kulu


Ƙarfi,
9 ga Afrilu, 1983

Ladidi,

Ina gaisuwa. Na ji daga Gwaggo kin ci jarrabawa, Allah ya sanya albarka. Ban jira amsarki ba na sake rubutowa. Ki yi haƙuri da rubutun, a kwance nake yinsa.

Mun je Zariya. Da aka yi arba'in Yaya Maitama da kansa ya kawo fijo ɗinsa ƙofar gida, ya sha babbar riga, yana gaisawa da mutane yana gaya musu zai kai matar ƙanensa asibiti. Ana ta sa masa albarka. Shi da direba a gaba, ni da Mati da Maman Taju a baya, ita ke riƙe da Ummaru. A ofishin likita tun ba a tambaya ba ya zaro biro daga aljihu, ya ce ina takardar, a kawo a sa hannu.

Likitan nan ne na farko. Ya duba katina, ya dube ni, ya sa na kwance tsumman. Ya tura ni hoton ƙirji da na baya. Da hotunan suka fito ya kira mu. Ya ce yanzu babu amfanin yanka. Abin ya shiga hammata, ya shiga ƙashin baya, ya taɓa huhu. Abin da ya rage shi ne allurai da za su ɗan rage masa gudu, da maganin rage zafi, kuma dole in cire yaro daga nono. Sannan ya juya wurin Mati ya ce, "Malam, me ya tsare ku?" Mati ya dubi Yaya. Yaya yana mai da biro aljihu.

Ban yi kuka ba. Na riga na sani tun a wurin wanka, jikina ya gaya mini.

Muka kamo hanyar dawowa har muka wuce Giwa. Sai Yaya ya ɓantari goro, ya gyara zama, ya ce, "To, kun dai ji da kunnenku. Likita da kansa ya ce ba a yanka. Abin da na faɗa tun farko ke nan, aka riƙa ganin kamar ban san abin da nake yi ba. Da mun biye wa gaggawa da yanzu an raba ta da nononta a banza."

Direba ya ce, "Gaskiya ne, Alhaji."

Na juya ina kallon Mati. Kansa na ƙasa. Na ji shi a hankali ya ce, "Haka ne, Yaya."

Maman Taju ta sauke gilashi ta tofar da yawu waje. Ni kuwa na ce a tsaya. Na fita na durƙusa a bakin wata gona da aka share ana jiran ruwa, na yi ta amai har ba abin da ya rage a cikina. Ina ji Yaya yana gaya wa direba wai warin fetur ne, mata ba su saba da mota ba.

Na fara alluran, na cire Ummaru daga nono, Maman Taju ta kawo madarar gwangwani ta koya mini damawa. Ban tambayi kowa ba, ba kuma wanda ya hana ni, yanzu kowa sai lallaɓa ni yake yi.

Kada ki ba ni amsa a takarda. Ki zo. Ina so ki wanke mini ciwon nan da hannunki yadda aka koya miki, na gaji da hannun mutanen gidan nan a jikina. Ina so ki ga yaron, ya san ƙamshinki. Akwai maganganu a kansa da ba zan rubuta ba. Kada ki tsaya sayen tsaraba, kada ki jira hutu. Ki zo da wuri, ina so ki same ni ina iya tashi zaune.

Ni ce,
Kulu